Ma'aikacin Gwamnati da Ƙungiyar Ƙwadago: Shiga ko Tsayawa a Waje?

A ma'aikatun gwamnati na ƙasashe da dama, takardar shiga ƙungiyar ƙwadago takan biyo bayan takardar ɗaukar aiki da 'yan kwanaki, kuma yawancin sababbin ma'aikata sukan sa mata hannu ko su ture ta gefe ba tare da sun tsaya sun auna abin da ta ƙunsa ba. Wanda ya sa hannu ya yi ne domin ya ga abokan aikinsa duk sun yi. Wanda ya ƙi kuwa ya dubi kuɗin da za a riƙa cira daga albashinsa kowane wata, ya ga babu dalilin da zai sa ya rage wa kansa abin da tun asali bai ishe shi ba. Dukkansu biyun sun yanke hukunci a kan abu mai nauyi da ma'auni mara nauyi, domin wannan takarda tana da hannu a kan wanda zai tsaya wa mutum ranar da aka tuhume shi, da wanda zai yi magana da yawunsa a teburin tattaunawa, da kuma ranar da za a ce masa ya ajiye aiki ko da ransa bai so ba.

Kafin a zo kan riba da asara, ya kamata a gane irin ubangidan da ma'aikacin gwamnati yake yi wa aiki. Ma'aikacin kamfani yana fuskantar mai jari ne, wanda doka ta fi ƙarfinsa, kuma idan sun saɓa akwai hukuma ta uku da za ta shiga tsakaninsu. Ita gwamnati kuwa ita ce mai ɗaukar aiki, ita ce mai tsara dokar aikin, ita ce mai riƙe da baitulmalin da ake biyan albashi daga cikinsa, sannan a wurare da yawa ita ce mai naɗa waɗanda za su saurari ƙarar ma'aikacin idan ya kai kuka. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ko jami'in kashe gobara ba ya da zaɓin barin wannan ubangida ya koma wurin wani cikin sauƙi, domin sau da yawa gwamnatin ce babbar mai ɗaukar masu irin sana'arsa, wani lokaci ma ita kaɗai ce. Wannan ne ya sa ƙungiya ta fi zama abin buƙata ga ma'aikacin gwamnati, kuma wannan ɗin ne dai ya sa gwamnatoci suka fi sa wa ƙungiyoyin ma'aikatansu takunkumi. A Amurka, inda ƙungiyoyin ƙwadago suka yi rauni ƙwarai, kusan kashi 6 cikin ɗari ne kawai na ma'aikatan kamfanoni suke cikin ƙungiya a 'yan shekarun nan, alhali a ɓangaren gwamnati kusan ɗaya ne cikin kowane uku.

Dokokin duniya sun amince da ɓangarorin biyu na lamarin. Sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta ce kowa yana da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago da shigarta, kuma ita ɗin ce ta ce ba za a tilasta wa kowa zama ɗan wata ƙungiya ba. Yarjejeniya mai lamba 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ita ma aka zartar a 1948, ta ba ma'aikata 'yancin haɗa kai ba tare da neman izini ba, sai dai ta bar wa kowace ƙasa ta yanke yadda za ta yi da sojoji da 'yan sanda. Sai a 1978 aka yi yarjejeniya mai lamba 151 wadda ta keɓanta da ma'aikatan gwamnati. Ta ɗaya gefen kuma, kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a 1981 cewa an tauye haƙƙin wasu ma'aikatan jirgin ƙasa uku na Birtaniya da aka kora saboda sun ƙi shiga ƙungiya. Saboda haka a mafi yawan wurare zaɓin yana hannun ma'aikaci, kuma duk wanda ya ce masa dole ne, ko ya ce masa haramun ne, ya kamata ya nemi a nuna masa a rubuce.

Ga inda gizo yake saƙar. Idan ƙungiya ta yi gwagwarmaya aka ƙara albashi, ƙarin yakan sauka a aljihun kowa da kowa da ke kan wannan matakin aiki, mamba da wanda ba mamba ba, domin gwamnati ba ta biyan ma'aikata biyu masu mataki ɗaya albashi iri biyu saboda ɗaya yana da katin ƙungiya. Faransa ta fi ko'ina nuna wannan: kusan ma'aikaci ɗaya ne cikin goma yake cikin ƙungiya, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari suna aiki ne a ƙarƙashin sharuɗɗan da aka cimma a tattaunawar gama-gari, wato cinikin albashi da sharuɗɗan aiki tsakanin ƙungiyoyi da masu ɗaukar aiki. To, mai lissafi zai ce me zai sa ya biya kuɗin abin da zai samu kyauta? Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya yi bayanin wannan matsala a 1965, inda ya nuna cewa duk wani amfanin da ba a iya hana wa wanda bai ba da gudunmawa ba, kowa yakan jira wani ya ɗauki nauyinsa, har a wayi gari babu mai ɗauka. Bahaushe ya riga ya ba wannan hali suna tun da daɗewa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙasashe sun warware wannan ƙulli ta hanyoyi mabambanta, kuma sanin hanyar da aka bi a inda mutum yake aiki shi ne matakin farko na yanke shawara. A Kanada, bayan yajin aikin ma'aikatan kamfanin Ford a garin Windsor, alƙali Ivan Rand ya yanke a 1946 cewa ba za a tilasta wa kowa shiga ƙungiya ba, amma duk wanda yake cin moriyar yarjejeniyar da ta samo sai ya biya kuɗinta, kuma tsarin ya bazu har cikin aikin gwamnati. Amurka ta bi irin wannan hanya a jihohi da dama bayan hukuncin kotun ƙoli na 1977 a ƙarar da wasu malaman makaranta na birnin Detroit suka shigar, har zuwa watan Yuni na 2018, lokacin da kotun, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta rushe wancan hukuncin a ƙarar Mark Janus, ma'aikacin gwamnatin jihar Illinois. Hujjar kotun ita ce duk abin da ƙungiya za ta tattauna da gwamnati, ko albashi ne ko fansho, magana ce a kan dukiyar jama'a da manufofin hukuma, don haka tilasta wa mutum biyan kuɗin wannan magana tauye masa 'yancin faɗar albarkacin baki ne. Tun daga ranar ma'aikacin gwamnati a Amurka yana iya ƙin biyan ko sisi, kuma ƙungiyar da take wakiltar sashensa tana nan da nauyin wakiltarsa bisa adalci. A Denmark da Sweden da Finland kuwa an daɗe da ɗaura asusun tallafin rashin aikin yi a jikin ƙungiyoyi, shi ya sa mafi yawan ma'aikatan can suke shiga da kansu ba tare da an ja su ba.

Idan har ƙarin albashi zai zo ko mutum ya shiga ko bai shiga ba, to mene ne mamba yake samu wanda na waje ba ya samu? A ganina amsar tana cikin ranar da babu wanda yake tsammaninta. Ma'aikaci yakan yi shekaru yana aikinsa lami lafiya, sai wata rana a miƙo masa takardar neman bahasi a kan wani kuɗi da ya ɓace a sashensa, ko wani majiyyaci ya rasu a lokacin da ma'aikaciyar jinya take bakin aiki, ko iyayen wani ɗalibi su zargi malami da abin da bai aikata ba, ko kuma sabon shugaba ya zo ya ga wannan ma'aikacin ya tsaya masa a maƙogwaro saboda ya ƙi sa hannu a takardar da bai yarda da ita ba. A irin wannan rana, abokan shan shayi a ofis sukan yi shiru, kuma ba mugunta ce take sa su shiru ba, kowa yana tsoron a haɗa da shi ne. Mutumin zai zauna shi kaɗai a gaban kwamitin ladabtarwa wanda mambobinsa suka haddace ƙa'idojin aikin gwamnati, suna da lauyoyin ma'aikata a bayansu, shi kuwa wataƙila bai taɓa buɗe littafin ƙa'idojin ba tun da aka ɗauke shi. Wakilin ƙungiya mai gogewa ya san kwana nawa doka ta ba wa wanda ake tuhuma ya ba da amsa, ya san cewa sai an nuna masa hujjojin da ake riƙe da su a kansa, ya san bambancin dakatarwa da kora da abin da kowacce take yi wa fansho, ya kuma san lokacin da ya kamata a yi shiru da lokacin da ya kamata a ɗaukaka ƙara. A Birtaniya dokar 1999 ta ba ma'aikaci haƙƙin shiga zaman ladabtarwa tare da jami'in ƙungiya ko abokin aiki, kuma wanda ya taɓa ganin irin wannan zama ya san cewa yanayin ɗakin yakan canza da zarar an ga mutum bai shigo shi kaɗai ba.

Akwai wani sharaɗi a nan da mutane da yawa ba su sani ba sai sun makara. Ƙungiyoyi da dama ba sa ɗaukar nauyin lauya ko wakilci a kan matsalar da ta riga ta faru kafin mutum ya zama mamba, kuma suna da hujja, domin da sun yarda da haka babu wanda zai biya sai ranar da wuta ta kama shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake cewa zai shiga idan buƙata ta taso, ya sani cewa ranar da buƙatar za ta taso ita ce ranar da ƙofar za ta kasance a rufe.

Abu na biyu da mamba yake da shi shi ne ƙuri'a. Shi yake zaɓen shugabanni, shi ake tambaya ko a karɓi tayin gwamnati ko a ƙi, shi yake cewa a tafi yajin aiki ko kada a tafi. Na waje zai rayu da sakamakon duk waɗannan ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma yarjejeniya ba ta daidaita kowa: tana iya fifita tsofaffin ma'aikata a kan sababbi, ko ta sayar da alawus ɗin wani sashe domin ta samo ƙari ga wani.

Sai dai adalci ne a faɗi nauyin da shiga take ɗorawa, kuma kuɗin wata-wata shi ne mafi sauƙinsa. Mafi girma shi ne yajin aiki. A watan Agusta na 1981 masu kula da zirga-zirgar jiragen sama na Amurka suka ajiye aiki, alhali doka ta haramta wa ma'aikatan tarayya yin haka, sai shugaba Ronald Reagan ya ba su wa'adin sa'o'i 48, da ya cika ya kori fiye da 11,000 daga cikinsu, ƙungiyar tasu kuma ta mutu. A Najeriya malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas suna yajin aiki a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, gwamnati kuma ta riƙe albashinsu bisa ƙa'idar ba aiki ba biya. A Jamus akwai rukunin ma'aikatan gwamnati na dindindin, da malaman makaranta da yawa a cikinsu, waɗanda suke da 'yancin shiga ƙungiya amma ba su da 'yancin yajin aiki. Kotun tsarin mulkin ƙasar ta tabbatar da haramcin a 2018, kotun Turai ma ta amince da shi a 2023. Don haka wajibi ne mai niyyar shiga ya san ko doka ta yarda wa irin aikinsa da yaji, ko ƙungiyar tana da asusun tallafa wa mambobi idan an riƙe albashi, da kuma hukuncin da kundinta ya tanada ga mamban da ya ƙi bin umarni.

Bayan asarar albashi akwai nauyin zuciya, wanda masu goyon bayan ƙungiya sukan so su tsallake shi da sauri. Yajin aikin masana'anta yana taɓa ribar mai jari ne. Yajin aikin asibitin gwamnati kuwa yana taɓa mara lafiyar da ba shi da halin zuwa asibitin kuɗi, kuma rufe makarantar gwamnati yana zaunar da ɗan talaka a gida yayin da 'ya'yan waɗanda ake rigimar da su suke ci gaba da karatu a wani wuri. Ma'aikacin da ya ce zuciyarsa ba za ta iya ɗaukar wannan ba bai cancanci a kira shi maci amana ba. Amma shi ma ya kamata ya dubi ɗaya fuskar: asibitin da ma'aikatansa suke gudu saboda ƙarancin albashi, da ajin da malami ɗaya yake fama da ɗalibai fiye da ƙima, su ma suna cutar da talakan nan, kullum kuma a hankali, ba tare da an buga labarinsu ba. Babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta yi fiye da shekara ɗari ba ta kira yajin aiki na ƙasa baki ɗaya ba, sai a watan Disamba na 2022, kuma daga cikin hujjojinta har da ƙarancin ma'aikata da haɗarin da yake jawo wa marasa lafiya. Mutum yana iya zama mamba ya jefa ƙuri'ar ƙin yaji, ya kuma matsa a ware masu aikin gaggawa; daga waje ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Batun siyasa shi ma na gaske ne. Tun a 1937 shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya ƙarfafa ƙungiyoyin ma'aikatan kamfanoni, ya rubuta cewa ba za a iya ɗauko tsarin tattaunawar gama-gari yadda aka san shi a dasa a aikin gwamnati ba, domin ubangidan a nan shi ne al'umma baki ɗaya. Masu suka har yau suna cewa ƙungiyar ma'aikatan gwamnati tana taimaka wa ɗan siyasa ya ci zaɓe, sannan ta zauna da shi su yi cinikin kuɗin masu biyan haraji. Ga ma'aikaci shi kaɗai, tambayar ta fi wannan sauƙi: shin kuɗina zai tafi wurin jam'iyya ko manufar da ban yarda da ita ba? Birtaniya ta raba asusun siyasa da asusun ƙungiya tun a dokar 1913, ta kuma ba mamba damar janye kuɗinsa daga na siyasar ba tare da ya rasa matsayinsa ba. Inda akwai irin wannan tanadi, rashin jituwa a siyasa bai isa ya hana mutum shiga ba. Inda babu shi, kuma ƙungiyar ta zama reshen wata jam'iyya a fili, wanda ya tsaya a waje yana da hujjar da ban ga yadda za a raina ta ba.

Hujjar da ta fi kowace yawa a bakin waɗanda suka fice ita ce lalacewar shugabanci, kuma bai kamata a musa ta ba. Akwai ƙungiyoyin da shugabanninsu suka daɗe a kan kujera har suka manta da yadda ake zuwa aiki da safe, akwai waɗanda ake kiran yaji a janye shi ba tare da mambobi sun san abin da aka cimma a bayan ƙofa ba, akwai kuma waɗanda suke kare ma'aikacin da kowa ya san ba ya aiki da irin ƙarfin da suke kare wanda aka zalunta. Ana iya gane irin waɗannan kafin a shiga. Mutum ya nemi kundin tsarin ƙungiyar ya karanta, ya tambayi yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe kuma ko an yi takara ta gaske, ya nemi rahoton kuɗi na bara wanda masu binciken waje suka duba, ya ji nawa ne yake zama a reshe daga cikin kuɗin da ake cira nawa ne kuma yake tafiya hedikwata, sannan ya nemi wani da aka taɓa tuhuma a ma'aikatar ya tambaye shi ko wakilin ƙungiya ya zo. Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi duk jawaban ranar ma'aikata faɗin gaskiya. Ƙungiyar da ta fusata saboda an nemi ganin lissafinta ta riga ta ba da amsa.

To amma ficewa ba ta gyara ƙungiyar da ta lalace, sai ma ta bar ta a hannun waɗanda suka lalata ta, domin ƙaramin taro ya fi sauƙin juyawa. Kuma ƙarfin da ƙungiya take da shi a gaban gwamnati ba daga hikimar shugabanninta yake fitowa ba, daga yawan waɗanda suke bayanta ne. Gwamnatoci sun san haka sarai. A 1984 gwamnatin Margaret Thatcher ta haramta ƙungiya a cibiyar leƙen asirin sadarwa ta Cheltenham, ta ba kowane ma'aikaci fam 1,000 a madadin haƙƙinsa, kuma ba a mayar da haƙƙin ba sai a 1997. Jihar Wisconsin ta Amurka, wadda ita ce ta fara ba wa ma'aikatan ƙananan hukumomi damar tattaunawar gama-gari a 1959, ita ce kuma a 2011 ta taƙaita tattaunawar ga ainihin albashi kawai, ta hana cire kuɗin ƙungiya daga albashi, ta kuma sa sai ƙungiya ta sake neman amincewar ma'aikata kowace shekara, inda ake lissafa wanda bai jefa ƙuri'a ba tamkar ya ce bai yarda ba. A ƙarƙashin irin wannan doka, tsayawa a waje ba zaman ba-ruwana ba ne, domin an riga an ƙirga shirun mutum a gefe ɗaya.

Ra'ayina shi ne ga yawancin ma'aikatan gwamnati, musamman waɗanda aikinsu yake haɗa su da jama'a ko da kuɗi ko da rayukan mutane, shiga ta fi tsayawa a waje, muddin mutum ya shiga a matsayin mai ƙungiyar, yana zuwa taro, yana karanta yarjejeniya kafin ya amince, yana tambayar lissafi. Akwai waɗanda hukuncinsu zai iya bambanta: babban jami'in da shi ne yake zama a ɗaya gefen teburin da sunan gwamnati, wanda dokoki da yawa ma suka ware shi, ma'aikacin wucin gadi wanda yarjejeniyar ba ta ambaci irinsa ba, wanda ya kamata ya fara tambayar ko ƙungiyar tana karɓar ƙorafin irinsa, da wanda addininsa ko aƙidarsa suka hana shi, wanda wasu dokoki suka ba shi damar mayar da kuɗin ga wata gidauniyar taimako. Inda kuma ƙungiyoyi biyu ko uku suke neman ma'aikatan sashe ɗaya, sai a duba wadda hukuma ta amince ta zauna da ita, domin katin ƙungiyar da ba ta da kujera a teburin tattaunawa ba ya kai mai shi ko'ina.

Kafin a sa hannu, a karanta layin da ya yi maganar fita. Wasu takardun shiga suna ɗaure mutum da biyan kuɗi na shekara guda cur, suna kuma sabunta kansu idan bai rubuta takardar janyewa a cikin wasu 'yan kwanaki da aka ƙayyade ba, kuma an yi ta shari'a a kan haka a Amurka bayan hukuncin 2018. Ma'aikaci ya karɓi kwafin abin da ya sa wa hannu, ya rubuta ranar da ya shiga, sannan a ƙarshen wata na farko ya duba takardar albashinsa ya tabbatar abin da aka cira ya yi daidai da abin da aka faɗa masa.